Sankarar bakin aiki: wa zai riƙe rajistar makanikan Suame da kafintocin Sokoban?

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ce idan hatsari ko wata cuta ta sami ma'aikaci a bakin aikinsa, wajibi ne mai wurin ya kai rahoto ga hukuma kafin kwana 7 su wuce. Idan zarto ne ya cire yatsa, ko inji ya faɗo wa yaro a ƙafa, wa'adin ya yi daidai. Jini ya zuba a gaban mutane, an san ranar, an san shagon, an san mai shagon. Amma akwai cutar da ba ruwanta da kwana 7. Yaron da aka kai koyon gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, yana ɗan shekara 16, aka sa shi kwance burki yana hure ƙurar da bakinsa, idan akwai asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, a cikin ƙurar nan zai iya kaiwa shekara 50 bai ji komai ba. Ranar da numfashi zai fara yi masa wuya, mastan da ya koya masa aiki ya daɗe da rasuwa, shagon ya sauya hannu, shi kansa wataƙila ya bar sana'ar ya koma tuƙin motar haya ta trotro. Wa zai kai rahoton? Ya ce yaushe abin ya faru?

Wannan tazara da ke tsakanin shaƙar guba da fitowar ciwo ita ce tushen maganar gaba ɗaya. Yawancin sankarar da sana'a ke jawowa ba ta da wata alama da ta raba ta da sauran sankara. Likita zai duba hoton huhu, ya ɗebi ɗan nama ya aika ɗakin gwaji, a ce sankara ce, amma naman ba zai faɗa masa ko daga walda ta zo, ko daga taba, ko gado ne ba. Abin da zai haɗa ciwon yau da aikin shekara 30 da suka wuce shi ne rubutu: wane aiki mutumin ya yi, a ina, da me, tsawon wane lokaci. A unguwanninmu, Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Alabar, ciwon da ba a san asalinsa ba an san abin da ake cewa a kansa. Wasu su ce jifa ne, wasu su ce kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai sababi ma gaskiya ne, kuma sanin sababin ne zai kare ƙannen mamacin da har yanzu suke tsaye a shago ɗaya suna shaƙar abu ɗaya.

Hukumar binciken sankara ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana da jerin abubuwan da aka tabbatar suna sa wa ɗan Adam sankara. Duk wanda ya karanta jerin, sannan ya zaga Kumasi da ƙafa, gabansa zai faɗi. Ƙurar katako tana ciki tun 1995, kuma sankarar hanci da kogon hanci take kawowa. Ga Sokoban nan, inda aka mayar da kafintoci da masu injin yankan katako daga Anloga, mutum ya wuni ya fito har gashin idonsa ya yi fari. Ƙurar dutse mai silika ta shiga a 1997, ita ce ta masu fasa dutse da masu niƙa dutsen zinariya a galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, da masu aikin rami a Obuasi. Hayaƙin dizal ya shiga a 2012, na walda a 2017. Akwai benzin, sinadarin da ke cikin fetur, mai kawo sankarar jini: shi ke shiga jikin yarinyar da ke wuni tana ba da mai a gidan mai, da bakaniken da ke wanke hannu da fetur ko ya zuƙo shi da baki ta tiyo. Sana'ar fenti ita kanta tana cikin jerin, haka ƙurar fatar da masu ɗinkin takalmi ke shaƙa. Sai asbestos, wanda ke cikin tsofaffin rufin gidaje da makarantu da wasu burki da kuloci. Shi kam yana da irin tasa sankarar, ta rigar huhu, wato fatar da ta lulluɓe shi, wadda da wuya a same ta ga wanda bai taɓa shaƙarsa ba, kuma takan jira shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana.

Ba duk wanda ya yi waɗannan sana'o'i ne zai kamu ba. Yawancinsu ba za su kamu ba, shi ya sa idan ka yi wa dattijon maƙeri ko mai walda magana zai ce maka, "Ai ɗana, tun muna yara muke yi, ga mu nan." Gaskiyarsa. Abin ya danganta da yawan abin da ya shiga jiki, da tsawon shekaru, da ko mutum yana shan taba, domin taba da asbestos idan suka haɗu ninka juna suke yi. Amma waɗanda suke nan su ne ke ba da labari; waɗanda suka kwanta ciwo suka koma gida Tamale ko Bawku ko Dosso suka rasu a can, ba wanda ya ƙidaya su. Kuma a inda ba a faɗa wa mutum gaskiyar abin da yake shaƙa ba, dole ya nemi tasa dabarar. Mai feshin fenti ya tashi aiki ya sha gwangwanin madara, yana fatan ta wanke masa ƙirji. Ban ga laifinsa ba, yana ƙoƙarin kare kansa ne da abin da ya ji a wajen na gaba da shi. Sai dai madara ciki take sauka, fenti kuwa huhu ya shiga.

Kusan duk abin da duniya ta sani game da wannan jeri, daga tambayar sana'a da ajiye sunaye aka samo shi. A 1775 wani likitan tiyata a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa sankarar fatar maraina ta yi yawa a cikin masu sharar bututun hayaƙi, waɗanda ake cusawa cikin kunkunniya tun suna yara. A shekarun 1960 likitocin hanci da maƙogwaro a Ingila suka ga wata sankarar hanci da ba a cika gani ba tana ta fitowa daga gari ɗaya, High Wycombe, garin masu ƙera kujeru. A Istanbul, likitan jini Muzaffer Aksoy ya bi diddigin masu ɗinkin takalmi da ke amfani da gam mai benzin, ya nuna yadda sankarar jini ta yawaita a cikinsu. Yawancin gam na yanzu da wasu sinadarai ake yin sa, amma wanda ake ɗurawa a kwalbar da ba lakabi a sayar wa mai takalmi a kasuwa, mai amfani da shi ba shi da hanyar sanin me ke ciki.

Labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na Irving Selikoff a Amurka, kuma ina so a tsaya a kansa. A 1964 shi da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi kan mutum 632 masu aikin naɗe bututu da asbestos a yankin Niyok da New Jersey. Sun bi su daga 1943 zuwa 1962. A lissafi, da mutanen gari ne masu irin shekarunsu, waɗanda sankarar huhu ko ta rigar huhu za ta kashe ba za su kai 7 ba. Sai aka tarar ta kashe 45. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka juya tunanin duniya kan asbestos. To ina Selikoff ya samo sunayen mutum 632 da ranar da kowa ya fara aiki? Ba a ofishin kamfani ba, domin waɗannan mutane yau suna wannan gini gobe suna wancan, kamar dai magina da masu walda na nan. A wajen ƙungiyarsu ya samo. Ƙungiyar ce ta ajiye rajistar membobinta shekara da shekaru, ba don bincike ba, don harkokinta na yau da kullum. Littafin ƙungiya ne ya ga abin da babu likita ɗaya da zai iya gani daga kujerarsa.

Daga irin waɗannan darussa ne dokoki suka fito. A 1974 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 139 kan sankarar bakin aiki. Ta nemi a maye gurbin abu mai cutarwa da wanda bai kai shi ba, a rage yawan masu taɓa shi da tsawon lokacin da suke yi, a sanar da ma'aikata haɗarin, a kafa tsarin ajiye bayanai, a kuma riƙa duba lafiyarsu lokacin da suke aikin da bayan sun bar shi. Wannan "bayan sun bari" shi ne zuciyar yarjejeniyar. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2004, ta ce a riƙe jerin sunayen ma'aikatan da bayanan lafiyarsu aƙalla shekara 40 bayan sun daina taɓa abin, kuma idan kamfani ya rufe a miƙa takardun ga hukuma. Birtaniya ma shekara 40 ta sa. Amurka ta ce tsawon zaman mutum a wurin aikin, a ƙara shekara 30 a kai. Ba a zaɓi waɗannan shekaru don wahalar da magatakarda ba, tsawon jiran ciwon aka auna. Finlan kuma ta ɗauki wata hanya tun 1979: rajista ɗaya ta ƙasa, kowane mai wurin aiki yana aika sunayen ma'aikatansa da ke taɓa irin waɗannan abubuwa. Da aka waiwayi tsarin daga baya, sai aka ga wata fa'ida ta daban: tilasta wa mai kamfani ya rubuta da hannunsa cewa yana sa mutane kaza aiki da abu mai sa sankara ya sa wurare da yawa sun sauya kayan aiki ko sun rage haɗarin.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware a nan, domin da an ce bayanan lafiya sai hankali ya tafi kan gwajin jini da hoton ƙirji. Abu biyu ne daban. Na farko tarihin aiki ne: suna, ranar haihuwa, wurin aiki, irin aikin, abin da ake taɓawa ko shaƙa, shekarar farawa da ta bari, ko a fili ake yi ko a rufaffen ɗaki, ko akwai takunkumi. Wannan ba ya buƙatar likita, kowane mai karatu zai iya cika shi. Na biyu shi ne abin da likita ya gani a jikin mutum, kuma shi sirri ne tsakaninsu. A tsarin da ya tsaya daidai, abin da mai kamfani ke ji kawai shi ne ma'aikacin zai iya ci gaba da wannan aiki ko a sauya masa, ba ya ganin sakamakon gwaji. Na farkon ne ya fi araha, shi ne ya fi amfani a ƙarshe, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya kan gwajin. Ga mai aiki da benzin, ƙidayar ƙwayoyin jini lokaci lokaci tana iya nuna cewa ɓargo ya fara taɓuwa. Ga mai fasa dutse, hoton ƙirji da gwajin numfashi suna kama ciwon ƙurar dutse da tarin fuka, wanda ƙurar ke buɗe wa ƙofa. Ga bakanike, duba fatar hannu da ta jiki abu ne mai sauƙi. Amma hoton ƙirji na yau da kullum ba ya kama sankarar huhu da wuri yadda zai ceci rai, kuma sankarar asbestos ba ta da gwajin da ke riga ta. Saboda haka wanda ya ce maka an yi maka hoto an ga ba komai, don haka ka ci gaba da shaƙa, ya cuce ka. Amfanin rubutun a wani wurin yake. Shi ke sa likita ya ɗauki toshewar hanci ɗaya da haɓon tsohon kafinta da muhimmanci maimakon ya ba shi maganin mura. Shi ke zama hujja ranar neman diyya. Shi ke nuna wa hukuma cewa layi kaza a kasuwa kaza yana fitar da marasa lafiya fiye da ƙima.

A Ghana ba dokoki aka rasa ba. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kowa haƙƙin yin aiki a yanayi mai aminci da lafiya. Akwai dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta 1970, da sashen duba masana'antu da ke aiwatar da ita. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 1987, da ƙa'idojin lafiya da tsaro na ma'adinai na 2012, kuma a 2016 an yi dokar sharar guba da ta kayan lantarki. An kuma shafe shekaru ana maganar doka guda da za ta tattara harkar lafiyar ma'aikata wuri ɗaya. Har akwai misalin da ke nuna cewa ƙasar ta iya wannan aiki idan ta sa kai: masu ɗaukar hoton ƙashi a asibitoci da sauran masu aiki da hasken radiyeshon suna maƙala ɗan ma'auni a riga, ana aika shi hukumar makamashin nukiliya a Kwabenya a karanta, a rubuta abin da jikin kowa ya ɗauka da sunansa.

Matsalar ita ce duk waɗannan dokoki a kan hoto ɗaya aka gina su: akwai kamfani mai rajista, akwai ma'aikaci mai albashi, akwai ofis mai akwatin takardu. Dokar diyya, alal misali, mai aikin ta ɗora wa biyan. Wannan hoto ya yi daidai da matatar mai ta Tema ko babban kamfanin zinariya. Amma mafi yawan masu aiki a ƙasar nan, kuma kusan duk mutanen zango, ba sa cikinsa. Yaron shago ba ma'aikaci ba ne mai albashi. Iyayensa ne ma suka biya aka ɗauke shi, abin da yake samu kuɗin abinci ne. Masta ba kamfani ba ne, shi ma a gefen yaron yake yana shaƙar hayaƙi ɗaya, kuma sau da yawa ya riga yaron kwanciya. Ka ce wa mai shagon kwano a Suame ya ajiye takarda shekara 40, a ina? Shagon kansa bai da tabbacin shekara 5.

Agbogbloshie ta nuna mana ƙarshen wannan hanya. Shekara da shekaru samari, yawancinsu daga arewacin ƙasar, suna ƙona wayoyin lantarki a can Accra don cire jan ƙarfe. Masu bincike daga gida da waje sun je, sun ɗebi jini da fitsari, sun sami gubar ƙarafa da ta hayaƙi a jikin mutanen. A watan Yulin 2021 aka rushe wurin. Mutanen suka watse, wasu cikin unguwannin Accra, wasu gida, wasu wasu garuruwa. Duk abin da hayaƙin ya shuka a jikinsu yana tafe da su, kuma idan zai fito, sai a shekarun 2030 da 2040, a asibitocin da ba wanda zai san sun taɓa zama a wurin. Mu ma a Kumasi muna da 'yan kondem, masu tara tsofaffin ƙarafa, da masu fasa kayan lantarki a Dagomba Line da Aboabo, kuma su ma za a iya tashinsu dare ɗaya.

Wanda ke ganin rubutu ba ya kawo kuɗi ya dubi Afirka ta Kudu. A 2018 kamfanonin zinariya 6, ciki har da AngloGold Ashanti da Gold Fields waɗanda muka sani a Obuasi da Tarkwa, suka amince su biya rand biliyan 5 ga tsofaffin ma'aikatan rami da ciwon ƙurar dutse da tarin fuka suka kama, kotu ta tabbatar da sulhun a 2019. Kuɗi ya samu. Sai aka shiga wahala ta biyu: neman mutanen a ƙauyukan Lesoto da Mozambik da Malawi, da tabbatar da cewa wane ya yi aiki a rami kaza daga shekara kaza zuwa kaza. Wanda sunansa ke cikin rajista yana da hanya. Matar mamacin da ba ta da takardar aikin mijinta, kuma takardar mutuwarsa ba ta faɗi abin da ya kashe shi ba, ita ce ta fi shan wuya. Wannan fa a ƙasar da ma'adinai ke da ofisoshin ɗaukar leburori masu tsofaffin kundaye ke nan.

Ra'ayina shi ne, a wurinmu rubutun dole ya bi mutum, ba shago ba. Kuma mun san iyalanmu suna iya riƙe takarda idan sun ga darajarta: littafin awon jariri yana ƙasan akwatin uwa har yaron ya girma, ko an yi ƙaura sau nawa. Ɗan littafin aiki irin wannan, mai shafi kaɗan, wanda ake buɗe wa yaro ranar da aka kai shi koyo, masta ya sa hannu, a ƙara layi duk lokacin da ya sauya shago ko sana'a, kuɗin buga shi bai taka kara ya karya ba. Al'adar tana nan ma: ranar kai yaro ana zama da iyaye da shaidu, ranar yaye shi ana taro. Waɗannan ranaku biyu su ne shekarar farawa da ta gamawa, rubuta su ne kawai ba a yi da wannan niyya ba. Mu da muke karanta ayar bashi a ƙarshen Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce idan aka ƙulla bashi zuwa wani lokaci a rubuta shi, babba ne ko ƙarami, bai kamata rubuta haƙƙin da zai zo bayan shekaru ya zame mana baƙon abu ba.

Amma littafin hannu yana ɓacewa, don haka sai an sami na biyu, kuma a nan ne ƙungiyoyin sana'a suka shigo. Makanikai suna da ƙungiyar garejoji ta ƙasa da rassanta, kafintoci suna da tasu, masu sayen tsofaffin ƙarafa suna da shugabanni, kuma kowace ƙungiya tana da sakatare da littafin da ake rubuta gudummawar suna da biki da rasuwa. Wannan littafi ya riga ya san wanda ya shigo da wanda ya rasu. Abin da ya rage shi ne a ƙara masa layuka: wane irin aiki, tun yaushe, da me, kuma idan mutum ya kwanta ciwo ko ya rasu, me asibiti ya ce. Layin ƙarshen nan yana da nauyi a wurinmu, domin muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, da yawa a gida suke cikawa, ba a kuma cika binciken gawa ba. Idan ba a tambayi iyali a kwanakin zaman makoki ba, cikin ladabi da izininsu, labarin ya tafi ke nan. Ƙungiya ta fi shago tsawon rai, kuma membobinta sun fi yarda da ita fiye da jami'in da zai zo da fom, wanda kowa zai zaci maganar haraji ce ta kawo shi.

Asibiti shi ne hannu na uku. Tun 2012 akwai rajistar masu sankara ta Kumasi a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, abin alheri ne ƙwarai. Sai dai rajistar sankara tana amfana ne da abin da aka rubuta a folda, kuma layin sana'a guda ɗaya ba ya ɗaukar rayuwar mutum. Dattijon da ya yi shekara 35 yana feshin mota, yau yana zaune a shagon ɗansa, idan aka ce, "Baba, me kake yi?" zai ce ɗan kasuwa ne, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar da za ta fito da gaskiya ita ce wane aiki ya fi daɗewa yana yi a rayuwarsa, kuma me yake shaƙa ko taɓawa. Minti biyu ne. Ga 'ya'yan da ke raka iyayensu suna yi musu tafinta, ko ba a tambaya ba ku faɗa, ku kuma roƙi a rubuta. Idan aka sa lambar katin ɗan ƙasa ko ta inshorar lafiya a littafin hannu da na ƙungiya da foldar asibiti, wata rana za a iya haɗa su. Amma kada a mayar da katin sharaɗi, domin a zango akwai 'yan Nijar da Burkina da Togo da Najeriya da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a waɗannan shaguna, kuma ƙura ba ta tambayi kowa takarda ba.

Akwai abubuwan tsoro biyu, kuma ba ƙanana ba ne. Rajistar da aka yi don kare ma'aikaci tana iya komawa makamin korarsa: kamfani ya ga jinin mutum ya fara sauyawa, ya sallame shi cikin ruwan sanyi kafin ciwon ya zama nasa. A unguwa kuma, magana ta fita cewa wane yana da ciwon ƙirji, aure ya lalace ko masu kawo aiki su janye. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, kuma wannan ne dalilin raba tarihin aiki da sakamakon gwaji: littafin ƙungiya ya tsaya a kan aiki muddin mutum yana raye, sirrin jiki ya zauna wajen likita da mai jikin. Abin tsoro na biyu shi ne a ɗauki rubutu a matsayin kariya. Rajista ba ta hana ƙwayar ƙura ɗaya shiga huhu. Abin da ke hanawa shi ne jiƙa burki da tsumma mai ruwa maimakon hurewa, zuba ruwa a kan dutse lokacin yanka, yin walda da feshi inda iska ke wucewa, takunkumi na gaske mai matata, sabulu maimakon fetur, da rashin fasa tsohon rufin asbestos da guduma ko yanka shi da inji. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin littafi da waɗannan, waɗannan zan ɗauka. Sai dai ba wanda ya ce sai an zaɓa, kuma ga dubban da suka riga suka shaƙa na shekara 20, kariya ta zo a makare, rubutun ne ya rage musu.

Sauran magana ita ce inda littafin zai kwana. Shekara 40 ba wasa ba ce ga takarda a garin da gobarar kasuwa da ambaliyar rafin Aboabo ba baƙi ba ne, ga gara, ga sauyin shugabanni da rigimar da kan biyo baya. Littafi ɗaya a durowar sakatare ba zai kai ba. Kowace shekara a ɗauki hoton shafukan da waya, a ajiye kwafi a wurin da ya fi ƙungiyar ƙarfi: ofishin lafiya na gunduma, ko sashen duba masana'antu, ko makarantar kiwon lafiyar jama'a ta jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan garin. A rubuta yarjejeniya ƙarara kan wa zai iya buɗe shi da kuma don me, a kuma sa a ciki cewa duk memba, ko magajinsa bayan ransa, yana da ikon karɓar kwafin shafinsa kyauta duk ranar da ya nema.